Daga Sadaka Zuwa Haƙƙi: Cocin Katolika da Aikin Adalci a Birnin Yamai

Unguwar Koira Kano, wadda ke cikin gunduma ta ɗaya ta birnin Yamai, tana daga cikin unguwannin masu hannu da shuni, domin a nan ne manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai da jami'an ƙungiyoyin ƙasashen waje suke zaune a gidaje masu dogayen katangu, kuma ƙungiyoyin agaji da dama sun kafa ofisoshinsu a cikinta. Sai dai jin daɗin waɗannan gidaje ya rataya ne a wuyan wasu mutane da ba su mallaki ko taku ɗaya na ƙasar unguwar ba, wato masu gadi da kuku da direbobi da masu wanki da guga da 'yan aikin gida, waɗanda wasunsu daga ƙauyukan Zarmaganda suke zuwa ci-rani, wasu kuma daga Benin da Togo da Burkina Faso. Da yake akwai mabiya ɗariƙar Katolika da yawa a cikin baƙin da suka fito daga waɗannan ƙasashe uku, akwai su kuma a cikin manyan ma'aikatan da ke ɗaukarsu aiki, abu ne mai yiwuwa maigida da yaronsa su haɗu a majami'a ɗaya ranar Lahadi, su saurari wa'azi ɗaya, sa'annan su koma gida ɗaya inda ɗaya ke ba da umarni, ɗaya kuma yana jiran ƙarshen wata. A irin wannan wuri ne ake iya gane ko abin da Cocin Katolika ke kira adalcin zamantakewa yana da tasiri a aikace.

Abin da ake nufi da adalcin zamantakewa shi ne a tsara zaman jama'a ta yadda kowane mutum zai sami abin da ya cancanta na abinci da lafiya da ilimi da ladan aikinsa da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, ba tare da ya dogara ga tausayin wani ba. Bambancinsa da sadaka ba zai yi wa mai karatu Musulmi wuyar ganewa ba, domin malaman fiƙihu sun daɗe suna rarrabe sadakar ganin dama, wadda mai bayarwa ke da zaɓi a kanta, da zakka, wadda haƙƙin talaka ce a cikin dukiyar mawadaci, kuma wanda ya hana ta ya ci amanar da ke wuyansa. Koyarwar Katolika ta yi irin wannan rarrabewa, ta ce ba ya halatta a miƙa wa mutum da sunan kyauta abin da tun farko nasa ne bisa adalci. Saboda haka maigidan da ke danne albashin mai gadinsa, sa'annan ya ɗinka masa riga lokacin Kirsimeti ko Sallah, bai sauke nauyin da ke kansa ba, ko da mai gadin ya yi masa godiya har ƙasa.

Wannan koyarwa tana da tarihin da ya wuce shekara ɗari. A ranar 15 ga Mayu 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar da ake kira Rerum Novarum, wadda ta yi magana a kan halin da ma'aikatan masana'antun Turai suke ciki, ta tabbatar musu da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago da samun hutu da albashin da zai riƙe su da iyalinsu. Abu mafi nauyi a cikinta, wanda ya shafi Koira Kano kai tsaye, shi ne hukuncin da ta yanke cewa yardar ma'aikaci da ƙaramin albashi ba ta mayar da albashin halal, matuƙar yunwa ko tsoron abin da ya fi muni ne suka tilasta masa amincewa. Bayan babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965, Paparoma Paul na 6 ya fitar da Populorum Progressio a 1967, inda ya faɗaɗa maganar ta kai ga dangantakar ƙasashe masu arziki da matalauta, kuma a wannan shekara ce ya kafa hukumar Adalci da Zaman Lafiya, wadda daga baya aka yi mata rassa a dayosis-dayosis, wato yankunan da kowane bishop ke shugabanta. A Najeriya an san waɗannan rassa da gajeren sunan JDPC. Nahiyar Afirka ta sami nata rabo a takardar Africae Munus, wadda Paparoma Benedict na 16 ya sanya wa hannu a garin Ouidah na ƙasar Benin a 2011, wadda kuma ta tattara ne a kan sulhu da adalci da zaman lafiya.

Daga waɗannan takardu ne aka tsamo ƙa'idojin da masu wannan aiki suke maimaitawa: cewa kowane ɗan Adam yana da mutuncin da talauci ko addini ko ƙabila ba sa rage shi, cewa albarkatun ƙasa an halicce su ne domin kowa, cewa idan buƙatu suka ci karo a fara duba ta mafi rauni, da cewa abin da ƙaramar ƙungiya ko ƙauye za su iya yi wa kansu bai kamata babbar hukuma ta ƙwace musu shi ba. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita a ayyukan agaji, alhali ita ce ke hana mai taimako ya zama ubangidan wanda yake taimaka wa.

Jama'ar da aka ɗora wa wannan nauyi a Nijar kaɗan ce ƙwarai. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na al'ummar ƙasar, Kiristoci kuma, da Katolika da sauran ɗariƙu gaba ɗaya, ba su kai kashi 1 ba. Fada François Faroud na ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA, shi ne ya kafa mishan a Yamai a 1931, kuma sai a 1961 aka ɗaukaka yankin ya zama dayosis a ƙarƙashin Bishop Hippolyte Berlier, wanda ya shugabance shi har 1984. An ware dayosis ɗin Maraɗi a 2001 aka naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan asalin Burkina Faso, bishop ɗinsa na farko, sa'annan Yamai ta zama babban dayosis a 2007 a zamanin Michel Cartatéguy. Ɗan ƙasa na farko da ya kai matsayin bishop shi ne Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, wanda aka naɗa mataimaki a 2013, aka kuma ba shi shugabancin babban dayosis ɗin Yamai a 2014. Wannan tarihi yana bayyana abubuwa biyu, wato daɗewar da Cocin ya yi ana yi masa kallon addinin baƙi, da kuma dalilin da ya sa tun zamanin Berlier ya zaɓi ya tabbatar da zamansa a ƙasar ta hanyar hidima ga jama'ar da kusan dukkanta Musulmi ce.

Hidimar ta fara ne da makarantu da ɗakunan shan magani. Makarantun Mission Garçons da Mission Filles da kwalejin Mariama da makarantar Issa Béri sanannu ne a Yamai, kuma akasarin ɗalibansu 'ya'yan Musulmi ne, haka nan makarantar mishan ta Tchirozérine a yankin Agadas ta ilimantar da 'ya'yan makiyaya Buzaye a lokacin da makarantun gwamnati ba su kai gare su sosai ba. Ta fannin agaji kuwa, an kafa Caritas ta Nijar a 1962, sa'annan a 1984, shekarar farin da Hausawa ke tunawa da shi da sunan El-Buhari, aka kafa ofishin raya karkara da ake kira BALD. An haɗe waɗannan biyu a 2005 suka zama CADEV, wadda ita ce hannun Cocin a ayyukan agaji da raya ƙasa, kuma haihuwarta ta zo daidai da matsalar abincin da fari da farin ɗango suka haddasa, wadda gwamnatin Tandja Mamadou ta ƙi yarda a kira ta yunwa. Aikin CADEV ya haɗa da cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa, da rijiyoyi, da bankunan cimaka, wato rumbunan da ƙauye ke sayen hatsi da kaka ya ajiye domin ya sayar wa mutanensa da rangwame idan damina ta kama, lokacin da rumbun gida ya ƙare kuma 'yan kasuwa suka tsawwala farashi.

Bankin cimaka misali ne mai kyau na inda agaji ke fara rikiɗewa ya zama adalci, domin matsalar manomin Nijar sau da yawa ba ta rashin noma kaɗai ba ce, ta bashi ce: yana sayar da gero da arha da kaka domin ya biya bashin da ya ci da damina, sa'annan ya dawo ya sayi geron nan da tsada bayan wata shida. Rumbun da jama'ar ƙauye ke riƙe da makullinsa yana karya wannan zagaye, muddin kwamitin da ke kula da shi mai amana ne, domin an ga inda irin waɗannan rumbuna suka durƙushe saboda bashin da manyan gari suka ci suka ƙi biya. Haka kuma ƙungiyoyin asusu na mata, waɗanda ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka, CRS, ke yaɗawa a ƙasashe da dama, tushensu yana komawa ga tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, kuma wannan abin alfahari ne ga matan Hausawa, tun da dabarar da ta samo asali daga adashensu ta zama abin koyi a duniya.

A yankin Maraɗi ne kuma aka ga aikin da ya fi kusantar tushen zalunci. Sista Marie-Catherine Kingbo, wadda ta zo daga Senegal, ta kafa ƙungiyar sistoci ta Servantes du Christ a 2006, kuma daga Tibiri da Ɗan Bako ta ɗauki gabarar yaƙi da aurar da ƙananan 'yan mata, a ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Hanyar da ta bi ita ce abin lura, domin ba ta tsaya a bakin titi tana zargin iyaye ba, sai ta riƙa tara hakimai da masu gari da limamai da mata a zauna a tattauna illar haihuwar wuri, irin su yoyon fitsari da mutuwar masu naƙuda, ta kuma buɗe makaranta da wurin kwanan 'yan mata domin uban da ya yarda ya jinkirta auren 'yarsa ya sami inda zai kai ta. Ta rasu a 2021, amma ƙungiyar da ta kafa ta ci gaba da aikin.

A cikin Yamai kuwa, mutanen da Cocin ya fi tsayawa a kansu a shekarun baya-bayan nan su ne matafiya da ake kira baƙin haure. Nijar mashiga ce ga masu nufin Libiya da Aljeriya, kuma dokar da aka kafa a watan Mayu 2015 domin hukunta masu safarar matafiya, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, ta tura direbobi zuwa hanyoyin sahara marasa rijiyoyi, har zuwa lokacin da gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamba 2023. A ɗaya ɓangaren hukumomin Aljeriya suna kwaso dubban mutane su zube su a kan iyaka, inda sai sun taka kimanin kilomita 15 a cikin rairayi kafin su isa Assamaka. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira suna gangarowa Yamai ba kuɗi ba takardu, 'yan Laberiya da Saliyo da Gini da Kamaru da Najeriya, kuma ofishin kula da matafiya na babban dayosis, wanda Fada Mauro Armanino ɗan Italiya ya yi shekaru yana jagoranta, yana sauraronsu, yana taimaka musu da magani da neman takardu da hanyar komawa gida, yana kuma ziyartar waɗanda suka faɗa gidan kaso. Armanino bai tsaya ga agaji ba, ya yi ta rubuce-rubuce yana sukar manufofin Turai da suka mayar da Nijar mai gadin iyakarta, kuma a nan ne muryar Cocin ta fi fitowa fili a kan wani tsari na zalunci.

Dole ne a faɗi cewa irin wannan fitowa fili ba ta da yawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, tarzoma ta ɓarke a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma 'yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, ban da makarantu da gidajen Kiristoci, alhali Kiristocin Nijar ba su da hannu ko kaɗan a abin da jaridar ta aikata. An sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, bishop-bishop kuma suka yi kira ga mabiyansu da su yafe. Daga baya matsalar tsaro ta auka wa yankin Gurma, inda aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga ranar 17 ga Satumba 2018, bai sami kuɓuta ba sai a watan Oktoba 2020 a ƙasar Mali, kuma ƙauyuka da yawa na wannan yanki, inda Katolika 'yan ƙasa suka fi yawa, sun watse, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa Makalondi da Torodi da Yamai. Jama'ar da ta ga irin wannan tana auna kowace kalma kafin ta furta ta, kuma ba a yi mata adalci ba idan aka kwatanta ta kai tsaye da Cocin Najeriya, inda mutum kamar Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato yake sukar shugabanni a bainar jama'a, yana da miliyoyin mabiya ɗariƙarsa a bayansa. Duk da haka, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, taron bishop-bishop na Burkina da Nijar da takwarorinsu na Afirka ta Yamma sun fito sun ƙi amincewa da shirin kai wa Nijar yaƙi, a daidai lokacin da takunkumin ECOWAS ya jefa talakawa cikin tsadar abinci da ƙarancin magani da rashin wutar lantarki.

Akwai kuma zargin da ba ya ƙarewa, cewa duk wannan hidima tarko ce ta jawo mutane su bar addininsu. Zargin yana da tushe a tarihin mishan na zamanin mulkin mallaka a sassan Afirka da dama, kuma bai kamata a yi watsi da shi da wasa ba. Amma koyarwar Cocin ta yanzu ta haramta hakan a fili, domin Paparoma Benedict na 16 ya rubuta a wasiƙarsa ta 2005, Deus Caritas Est, cewa bai halatta a yi amfani da agaji a matsayin hanyar farautar mabiya ba, kuma taron Batikan ya riga ya umarci Katolika tun 1965 da su girmama Musulmi su yi aiki tare da su domin adalci da zaman lafiya. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta alƙaluma: bayan fiye da shekara 90 na makarantu da asibitocin mishan, Nijar tana nan a matsayin ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, kuma CADEV kanta tana ɗaukar Musulmi aiki tare da Kiristoci.

Idan yanayin ƙasa ya taƙaita abin da Cocin zai iya faɗa wa masu mulki, babu abin da ya taƙaita abin da zai iya faɗa wa 'ya'yansa game da gidajensu, kuma a nan ne maganar ta dawo kan ma'aikatan gida. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a kan sefa 30,047 tun daga 2012, sai daga baya aka ɗaga shi zuwa sefa 42,000, amma aikin gida yawanci ana yin sa ne da yarjejeniyar baka, ba takarda, ba rajista a asusun CNSS da ke biyan fansho da diyyar haɗarin aiki, ba kuma ƙayyadadden lokacin tashi. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye takan fara aiki tun asuba har dare, sau da yawa ba ita ke karɓar kuɗinta ba, wata 'yar uwa ko dillaliyar da ta kawo ta ce ke karɓa, kuma idan aka zarge ta da sata ko ta kamu da ciwo sai a sallame ta ba tare da ko sisi ba. Mai gadi kuma yakan kwana a bakin ƙofa cikin sanyin hunturu da sauron damina, ranar hutunsa kuwa tana hannun maigida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 a 2011 domin ta tabbatar cewa aikin gida aiki ne kamar kowane, amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Janeba ba ta tsallake katangar gida sai mai gidan ya buɗe mata ƙofa.

Cocin yana da kayan aikin da ya dace da wannan matsala, wato ƙananan ƙungiyoyin unguwa, inda iyalai maƙwabtan juna ke taruwa a gidan ɗaya daga cikinsu su yi addu'a su tattauna al'amuransu, da kuma tsarin nan mai hawa uku da Joseph Cardijn ɗan Beljiyam ya koya wa matasan ma'aikata, wato a duba halin da ake ciki, a auna shi da ma'aunin imani, sa'annan a ɗauki mataki. Idan irin wannan ƙungiya ta zauna a Koira Kano ta tambayi membobinta nawa suke biyan masu aikinsu, ko suna ba su hutun mako, ko 'yar aikin da ba ta kai shekara 14 ba tana zuwa makaranta, to ta yi aikin da ya fi rabon buhunan shinkafa wuya, domin rabon shinkafa yana jawo wa mai bayarwa yabo, wannan tambaya kuwa tana taɓa aljihunsa da girman kansa. Tambayar ta shafi hukumomin Cocin su ma, tun da makarantunsa da ofisoshinsa suna ɗaukar malamai da masu shara da masu gadi, kuma makarantun da aka kafa domin 'ya'yan talakawa suna fuskantar haɗarin zama na 'ya'yan masu hali kaɗai idan kuɗin makaranta ya fi ƙarfin mai gadin da ke tsaron ƙofarsu.

Wannan fage ne da limamin masallaci da fada za su iya yin magana da murya ɗaya ba tare da wani ya bar aƙidarsa ba, domin Musulunci ya yi umarni da a biya ma'aikaci ladansa ba tare da jinkiri ba, ya kuma hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, kuma mafi yawan masu gidajen Koira Kano da masu yi musu aiki Musulmi ne. Abin da ake buƙata daga majami'u da masallatan Yamai shi ne su sa maganar albashin ma'aikatan gida da hutunsu da rajistarsu a CNSS cikin wa'azinsu, su kuma fara da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu, sa'annan duk mai karatun da ke da mai gadi ko 'yar aiki ya duba ko abin da yake biya ya kai sefa 42,000 da doka ta ƙayyade.